Binciken maleriya a unguwannin Hausawan Legas: a duba mini tsarin kafin in kai wa kwamiti

Zainab Idi-Araba:
Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Shawara nake nema kan aikin digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma. Abu biyu nake son ganowa: yawan masu ɗauke da ƙwayar maleriya a jininsu a unguwannin Hausawa na Agege da Mile 12 da Idi-Araba, sannan ko yawan zuwa Arewa da dawowa yana da hannu a ciki. Tsarin da na rubuta shi ne mutum 384, gida-gida, da gwajin gaggawa na RDT da takardar tambayoyi. Don Allah a duba mini inda yake da rauni kafin in miƙa wa kwamitin ɗa'ar bincike.

Dakta Kabiru:
Wa alaikumus salam, Malama Zainab. Mu fara da 384 ɗin nan. Wannan adadin yana fitowa ne idan aka ƙaddara cewa rabin mutane suna da cutar, kuma aka yarda da kuskuren kashi 5 sama ko ƙasa. A Legas lissafin bai zauna ba. Binciken maleriya na ƙasa na 2021 ya nuna yaran Legas 'yan ƙasa da shekara biyar da aka ga ƙwayar a jininsu ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba, alhali Kebbi ta kusa rabi. To idan abin da kike nema kashi 5 ne, kuskurenki ma kashi 5 ne, amsarki za ta zama "daga sifili zuwa 10", wadda ba ta faɗi komai ba.

Ki sa kashi 5 a matsayin hasashe, kuskure kuma kashi 2. Zai ba ki 456. Tunda unguwa-unguwa da gida-gida za ki ɗauko mutane, kuma 'yan gida ɗaya sauro ɗaya ke cizonsu, sai ki ninka da 1.5, ya zama 684. Ki ƙara na waɗanda za su ƙi, a ce kashi 10, kin kai 760.

Malam Sabo Lab:
Dakta ya gama da lissafi, ni kuma gwajin ne ya dame ni. RDT shi kaɗai ba zai riƙe wannan aikin ba. A ce cikin mutum 1000, 30 ne suke da ƙwayar, gwajin kuma yana dacewa kashi 95 ta kowane ɓangare. Zai kama 28 ko 29 na gaskiya. Amma cikin 970 masu lafiya zai nuna wa kusan 48 layi biyu, alamar akwai cutar, a banza. Ke nan cikin duk waɗanda ya ce suna da ita, waɗanda suke da ita da gaske ba su kai kashi 40 ba. Inda cuta ta yi ƙaranci haka abin yake.

Ga wani kuma. Yawancin RDT da ke hannunmu sinadarin HRP2 da ƙwayar maleriya nau'in falsifarum ke fitarwa suke nema, shi kuwa yana iya kai wata guda a jini bayan mutum ya sha magani ya warke. Ta ɗaya gefen, wanda ƙwayoyin jikinsa ba su kai 100 zuwa 200 a maikurolita (kashi ɗaya cikin dubu na mililita) ba, gwajin yakan tsallake shi, kuma manyan da suka tashi a Arewa suka saba da cutar galibi a wannan rukunin suke. Yatsa ɗaya za ki huda, ki ɗauki abu uku: RDT don a ba da magani nan take, gilashi don madubin likita, da ɗigon jini a takardar tace don PCR, gwajin da ke neman ƙwayoyin gado (DNA) na ƙwayar cutar.

Zainab Idi-Araba:
Na gode ƙwarai. Malam Sabo, a taimaka da matakan gilashin filla-filla, don in sa su a takardar ƙa'idar aiki.

Malam Sabo Lab:
To ƙanwata, rubuta. Gilashi sabo, mara maiƙo, a rubuta lambar mutum da fensir a gefen da aka goge, ba da biro ba, don metanol yana wanke tawada. A goge yatsa da sifirit a bari ya bushe, a huda, a share ɗigon farko. Shimfiɗar jini biyu ake yi, mai kauri da siriri. Mai kauri maikurolita 6, a baza shi da kusurwar wani gilashin ya yi faɗin santimita ɗaya da ɗan wani abu. Idan kin ɗora shi a kan jarida yana ɗanye, ya kamata ki iya hango rubutun dishi-dishi. In ba ki ga komai ba ya yi kauri, zai ɓantare a ruwan rini. Siririn maikurolita 2, a ja shi sau ɗaya ba tsayawa.

Siririn kaɗai ake tsoma wa metanol. Ko tururinsa ya taɓa mai kaurin, jajayen ƙwayoyin jini ba za su fashe ba, kuma ba za ki ga komai ba sai duhu. A shanya a kwance cikin akwati mai rufin raga, domin ƙuda da tururuwa suna cinye jinin tas. Kada a sa a rana, kada a bari ya wuce kwana biyu ba a rina ba, zafi yana ƙamar da shi.

Rinin Giemsa kashi 3: mililita 3 na rini a mililita 97 na ruwa mai pH 7.2, minti 45 zuwa 60. Na kashi 10 minti 10 ne, na asibiti ne inda ake sauri, amma na bincike a yi na kashi 3, ya fi fitowa tsaf. A haɗa sabo duk lokacin da za a rina, a zubar da ragowar. In gilashi ya fito ja-ja ruwan ya yi tsami, in ya yi shuɗi sosai ya haura 7.2. Ruwan rijiyar burtsatse ko na leda ba ya wannan aikin. Damshin Legas kuma yana shiga kwalbar metanol in ana barinta a buɗe, sai ki ga ramuka a cikin jajayen ƙwayoyin kamar cuta, alhali ruwa ne. Ki riƙa zuba na yini ɗaya a ƙaramar kwalba.

Ƙirga: a ƙirga ƙwayoyin cuta har a kai fararen ƙwayoyin jini 200. In ba a samu 100 ba a ci gaba zuwa 500. A ninka da 8000 a raba da fararen da aka ƙirga. Misali 150 a kan 200 ya zama 6000 a maikurolita. Kada a ce babu sai an duba fili 200. Mutum biyu su karanta kowane gilashi ba tare da sun ga sakamakon juna ko na RDT ba. In sun saɓa kan akwai ko babu, ko kan nau'in ƙwayar, ko lissafinsu ya yi nisa da juna, na uku ya raba gardama.

Auwal Yaba:
Ƙari kan takardar tace, don a nan ne aikin mutane da yawa yake lalacewa ba su sani ba sai ranar PCR. A yi amfani da takardar Whatman 3MM ko katin 903. Ɗigo biyu ko uku, kowanne kamar maikurolita 50, kada yatsa ya goga takardar. A bar shi ya sha iska aƙalla awa huɗu, da damina gara ya kwana. Busasshen jini launinsa yana komawa ruwan ƙasa mai duhu, in har yana ja bai bushe ba. Kowane kati da ledarsa mai zif, da ƙunshin silika biyu a ciki, a riƙa dubawa ana canzawa. Wanda aka rufe da damshi, cikin mako guda zai yi fumfuna, DNA ɗin kuma ya tafi. In za a daɗe ba a yi aikin ba a sa a firiza mai awo 20 ƙasa da sifili, kuma a tabbatar tana kan sola ko janareta, narkewa da daskarewa sau da yawa ya fi barinsa a ɗaki illa.

Wajen ciro DNA daga katin, a huda milimita 3, a tsabtace abin hudawar tsakanin kowane kati, a huda farar takarda sau biyu ko uku kafin na gaba. In ba haka ba kati ɗaya mai ƙwayoyi da yawa zai shafa wa biyar na bayansa. Sinadarin Chelex ya isa wajen ciro DNA ɗin, ya fi arha. Kowane zagaye na PCR a sa wanda aka san yana da ita, da wanda aka san babu, da ruwa zalla.

Kuma duk wanda gilashi ko PCR ya nuna falsifarum amma RDT ya ce babu, ki ware katinsa. Akwai ƙwayoyin da suka rasa ƙwayar gadon hrp2 mai samar da sinadarin da RDT yake nema, an fara ba da rahotonsu daga Peru a 2010, kuma sun sa Eritiriya ta sauya irin RDT da take amfani da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in irin wannan kuskuren ya kai kashi 5 a sauya gwaji. Aikinki ba zai yanke wannan hukuncin ba, amma katunan za su yi wa masu bin lamarin amfani.

Dakta Kabiru:
Duk wannan daidai ne, amma akwai abin da ya fi shi girma. Malama Zainab, ki duba: in kin gwada 760 kuma kashi 5 suka fito da ita, mutum 38 ke nan. Da mutum 38 kike son gwada tafiya, da shekaru, da gidan sauro, da sana'a, da unguwa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kowane abu ɗaya da za ki sa a lissafin yana son masu cutar kamar 10. Abu uku ko huɗu kawai za ki iya. Burinki na biyu ba zai amsu da wannan tsarin ba.

Shawarata ki juya aikin. Ki zauna a cibiyoyin lafiya uku ko huɗu da ke waɗannan unguwannin, ki ɗauki masu zazzaɓi. Wanda gilashi ya tabbatar yana da maleriya ya shiga rukuni na ɗaya, wanda babu ya shiga na biyu, sai ki kwatanta tafiyarsu. In muka ƙaddara kashi 20 na marasa cutar sun yi tafiya, kuma kina son gano ninki biyu, kimanin 172 kike buƙata a kowane rukuni. Kowane mai cutar ki haɗa shi da mara ita daga cibiya ɗaya, mako ɗaya, shekaru kusa da juna.

Hajiya Rabi Nas:
Dakta, a nan ban bi ka ba gaba ɗaya. Su wa suke zuwa cibiyar lafiya a Agege ko Mile 12? Mata da yara. Su wa suke hawa da sauka tsakanin Legas da Arewa? Direbobin tirela da yaran mota, 'yan gwari masu tumatir da tattasai da albasa, masu shanu da ke sauke kaya a mayankar Oko-Oba, 'yan ci-rani. Waɗannan in zazzaɓi ya kama su kemis suke zuwa, su sayi magani su koma bakin aiki. In ta tsaya a asibiti za ta rasa mutanen da tambayar take a kansu.

Gida-gidan ma bai kama su ba. Da yawa a rumfar kasuwa suke kwana, ko shago, ko barandar masallaci, ko cikin mota. Ba su cikin kowane jerin gidaje.

Dakta Kabiru:
Gaskiyarki, Hajiya, wannan gibi ne babba. Hanya biyu ce. Ko ta sa manyan kemis masu rajista cikin wuraren ɗaukar mutane, ta ajiye ma'aikacin gwaji a can a sa'o'in da aka fi zuwa, ko ta yi jerin wurare da lokuta, wato tashar kaza ranar kaza daga ƙarfe kaza zuwa kaza, ta zaɓa da ƙuri'a, ta ɗauki kowane mutum na biyar. Ta biyun ta fi wuya wajen lissafi. Ga ɗalibar da ke da shekara ɗaya ni dai ta farkon zan ce, kuma ta rubuta ƙarara cewa sakamakonta na masu neman magani ne, ba na duk unguwa ba.

Hajiya Rabi Nas:
In da kemis a ciki na yarda. Sai dai a nemi masu su tun da wuri ta hannun ƙungiyarsu, don wanda aka gwada aka ce ba shi da maleriya ba zai sayi maganin ba, kuma mai shago ya san haka.

Zainab Idi-Araba:
To na karɓa, zan ajiye burin farko in riƙe na biyu. Tambayar tafiyar fa, yaya zan tsara ta?

Dakta Kabiru:
Kada ki tambayi "kin je Arewa?" kawai. Falsifarum ba ta nuna kanta kafin kwana 7 da cizo, galibi kwana 9 zuwa 14. Wanda ya sauka Kano shekaranjiya ya dawo da zazzaɓi yau, ba can ya ɗauko ba. Ki tambayi duk inda mutum ya kwana daga kwana 30 zuwa kwana 7 kafin zazzaɓin ya fara: gari, ƙaramar hukuma, dare nawa, a ɗaki ko a waje, da gidan sauro ko babu. Ki haɗa da kwanan hanya, domin mota takan kwana a Jebba ko Mokwa kusa da ruwa. Ki haɗa da Ogun da Oyo, da Epe da Badagry da Ikorodu, su ma akwai sauro. Mutane ba su riƙe kwanan wata, sai ki ɗaura tambayar da ranar kasuwa ko Juma'a ko Sallah. Lokacin aikin ma da muhimmanci: a Arewa cutar ta fi ƙarfi daga Agusta zuwa Oktoba, don haka wanda ya je a Maris da wanda ya je a Satumba ba ɗaya suke ba. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar kuma a tambaya ko an ba shi maganin rigakafin damina da ake rabawa wata-wata a can.

Baba Malam Agege:
'Yata, Allah ya yi albarka. Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai. Taken da kika sa yana iya fita a jarida a matsayin "Hausawa ne ke kawo maleriya Legas". Ba ke za ki rubuta haka ba, amma za a rubuta. Mutanenmu a nan ba su rasa masu neman abin faɗa a kansu ba. Tafiya kike bincike, ba ƙabila ba. Ki ɗauki duk mai zazzaɓin da ya zo wurin, Bahaushe ko Bayarabe ko Ibo, ki tambayi kowa inda ya kwana. Ilimin ma ya fi inganci haka, tunda mai zuwa ƙauyensu a Oyo shi ma matafiyi ne. Kwamitin ɗa'a nagari zai tambaye ki wannan.

Sannan maganar jini. Har yau ba a manta da gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a Kano a 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, yara kusan 200, goma sha ɗaya suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Abin da ya biyo baya na ƙin allurar shan inna a 2003 kowa ya sani. Wanda ya tambaye ki ina za ki kai jininsa yana da hujja. Ki ba shi amsa cikakkiya: ɗigo nawa, wane ɗakin gwaji, shekara nawa za a ajiye, ko zai fita ƙasar waje. In zai fita sai da yarjejeniyar tura samfur a rubuce da sanin kwamiti, kuma a faɗa masa tun farko.

Hajiya Rabi Nas:
Baba ya faɗi magana. Ga tsarin izini. Amincewar kwamitin ɗa'a mai rajista da NHREC, hukumar ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya, kamar na asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) ko na cibiyar binciken lafiya ta ƙasa (NIMR) da ke Yaba. Bayan nan izinin hukumomin lafiya na jihar Legas, tunda cibiyoyinsu za ki shiga. Sai gaisuwa wurin Sarkin Hausawan kowace unguwa da limamai da shugabannin kasuwa. Amma yardar sarki ta shiga unguwa ce, ba ta maye gurbin yardar mutum.

Takardar amincewa a yi ta da Hausa da Yarbanci da Turanci. Wani ya fassara, wani daban da bai ga asalin ba ya mayar, a kwatanta, sannan a karanta wa mutum biyar ko shida a kasuwa a ce su maimaita abin da suka fahimta. A yi kwafin ajami, akwai dattawa da yawa da shi suke karantawa. Wanda ba ya karatu a karanta masa gaban shaidar da ba ta cikin ma'aikatanki, ya dangwala. Mace baliga ita ke amincewa da kanta, in ta ce sai ta tambayi maigida a ba ta lokaci, kuma mace ce za ta yi mata tambayoyin. Yaro iyaye su sa hannu, in ya yi wayo a nemi yardarsa shi ma. Almajirin da iyayensa suke Arewa ki yi masa gwaji da magani in ba shi da lafiya, amma kada ki sa shi a bincike sai kwamiti ya fayyace wa zai tsaya masa.

Kuɗi kuma kada ya wuce na mota da ɗan abin lokacin da aka ɓata masa. Sunaye da lambobin waya a ajiye su daban da sakamako, lamba kawai za ta shiga manhajar tattara bayanai ta KoboCollect, dokar kare bayanai ta 2023 ta hau kanki.

Auwal Yaba:
In da sauran kuɗi, a duba tankuna da durom na ruwa a inda masu cutar da ba su yi tafiya ba suke kwana. An samu sauron Anopheles stephensi a Gombe a 2020, shi kuwa a irin waɗannan mazuban yake hayayyafa cikin birni.

Dakta Kabiru:
Auwal, wannan aikin wani ɗalibin ne. A bar mata guda ɗaya ta gama.

Zainab Idi-Araba:
Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: wanda RDT ya nuna yana da ita, ni zan ba shi magani ko tura shi zan yi?

Hajiya Rabi Nas:
Ma'aikacin lafiya mai lasisi a tawagarki ne zai bayar, kyauta, kuma ko mutum ya ƙi shiga binciken. Artemeta-lumefantirin bisa nauyi, don haka ki tafi da sikeli: kilo 5 zuwa 14 ƙwaya ɗaya, 15 zuwa 24 biyu, 25 zuwa 34 uku, 35 zuwa sama huɗu, wato ƙwaya mai miligiram 20 na artemeta da 120 na lumefantirin. Sau shida cikin kwana uku, na biyu bayan awa 8, sauran safe da yamma. A sha da madara ko abinci mai maiƙo, in ba haka ba lumefantirin ba ya shiga jini sosai. Na farko a sha a gabanku, in ya yi amai cikin rabin awa a sake.

Wanda ya ce ya gama shan irin wannan maganin cikin mako biyu da suka wuce kada a maimaita masa a kan RDT kawai, a jira gilashi. Mai ciki a haɗa ta da ɗakin awo. Yaron da ke jijjiga, ko ya kasa shan nono ko ruwa, ko yake amayar da komai, ko jikinsa ya saki, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, wannan na allurar artesunet ne a babban asibiti, a ajiye takardar tambayoyi a nemo mota. Ki sa kuɗin motar a kasafinki, ki kuma rubuta sunan asibitin da za ku riƙa turawa daga kowace cibiya, kwamiti zai nema. Wanda kuma aka ga babu maleriya kada a sallame shi da "taifot ne" a kan gwajin Widal, likita ya duba kunne da maƙogwaro da ƙirji da fitsari.

Malam Sabo Lab:
Ki ƙara layi ɗaya a fom ɗin: wanda RDT ya ce babu amma gilashi ya nuna akwai, wa zai kira shi, kuma cikin awa nawa. Ki sa awa 24, ki karɓi lambar waya biyu, tasa da ta wani na kusa da shi, don direba yana iya kasancewa ya kama hanyar Ilorin kafin a gama karanta gilashin.